Tambaya Da Amsa: Wai me Microsoft ya yi ne ake ta jan shi kotu?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. A fitowar da ta wuce ina cikin bayanin Windows 10 da kamfanin ya daina kula da ita a watan Oktoban 2025 sai na jefa wata magana a layi ɗaya, na ce akwai lokacin da alƙali a Amurka ya yanke hukuncin a tsaga Microsoft gida biyu, toh wannan layi ɗayan shi ya cika min waya da saƙonni, daga Samaru har cikin birni. Na tsinto guda shida, masu irin tambaya ɗaya ku yi haƙuri amsarku na ciki.

TAMBAYA: Slm Malam. Ni shagon taifin da fotokwafi gare ni a Samaru, shekara goma sha uku kenan da Windows da Word nake cin abinci, furojet ɗin ɗaliban ABU ba adadi ya bi ta hannuna. Dan Allah laifin me kamfanin nan ya yi? Ni a ganina mutum ya yi kayanshi kayan sun yi kyau duniya ta saya, in aka kai shi kotu ai hassada ne kawai. Ko ba haka ba?
Daga mai shagon taifin, Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara kasuwa. Ba kai kaɗai ke wannan tunanin ba, lauyoyin Microsoft ma kusan abin da suka yi ta faɗa a kotu kenan. Amma ka ga dokar Amurka ba ta hana mutum girma ba, ba ta ce dan ka fi kowa ciniki ka yi laifi ba, abin da ta hana shi ne ka yi amfani da girman naka ka toshe wa na baya hanya. Dokar tsohuwa ce sosai, sunanta Sherman, tun 1890 aka yi ta, da ita aka farfasa kamfanin mai na Standard Oil a 1911 ya koma kamfanoni 34.

Bara in kawo maka misali daga nan gida. A ce kasuwar Sabon Gari duk ta mutum ɗaya ce, filin nashi rumfunan nashi ƙofar shiga ma guda ɗaya ce kuma makullin na aljihunshi. Babu laifi, Allah ne ya ba shi. Sai wani yaro ya zo ya kama rumfa can ciki yana sai da shayi mai daɗi jama'a suka raja'a a kanshi, sai mai kasuwa ya duba ya ga in aka bar yaron nan wataran shi ma kasuwa zai gina, sai ya kafa teburin shayi a bakin ƙofa ya ce kyauta ne kowa ya sha, sannan ya zaga wajen masu rumfuna ɗaya bayan ɗaya ya ce duk wanda na ga ya nuna wa baƙo hanyar teburin yaron can zan karɓe rumfata. Toh kai ka faɗa min, wannan shayin kyautar don Allah aka yi shi?

Kasuwar ita ce Windows, wadda kotu ta tabbatar sama da kashi 90 cikin 100 na kwamfutocin irin namu a kanta suke tafiya a lokacin. Yaro mai shayi shi ne Netscape, wani ƙaramin kamfani da ya fito da burauza, wato manhajar shiga intanet, a 1994, kan ka ce kwabo ya kwashe jama'a. Abin da ya tsorata Bill Gates, shugaban Microsoft na lokacin, ba kuɗin burauzar ba ne, tsoronshi shi ne in mutane suka saba yin komai a cikin burauza, ga kuma yaren Java na kamfanin Sun Microsystems da aka yi shi don manhaja ta yi aiki a kan kowace irin kwamfuta, toh wa zai damu ko Windows ce a na'urarshi ko ba ita ba ce? Sai suka yi tasu burauzar, Internet Explorer, suka ce kyauta ce, suka ɗinke ta a jikin Windows yadda cire ta sai an sha wuya, sannan suka bi masu ƙera kwamfuta da sharuɗɗa. Compaq da ya cire tambarin Internet Explorer daga fuskar kwamfutocinshi sai da aka aika mishi takardar barazanar janye lasisin Windows, kuma mai ƙera kwamfuta in ba Windows ai ya rufe shago kawai. Apple aka nuna mishi in bai sa Internet Explorer a gaba ba za a daina yi mishi Office. AOL, wanda a lokacin ta hannunshi miliyoyin Amurkawa ke shiga intanet, aka ba shi wuri a cikin Windows shi kuma ya rungumi Internet Explorer. Wani babban ma'aikacin Intel ya tsaya gaban kotu ya ce da kunnenshi ya ji wani shugaba a Microsoft na cewa za su toshe wa Netscape hanyar numfashi, shi wanda aka ce ya faɗa ya musanta.

Ni wannan abu na ga tasirinshi da idona a nan Samaru. Farkon shekarun 2000 lokacin da kafe ke tashe, za ka sayi tikitin awa ɗaya a ba ka 'yar takarda da lambobi, ka zauna kan farar kujerar roba fanka na kaɗa zafi, yaron shago ya leƙo ta kafaɗarka ya ce danna wancan shuɗin “e” ɗin. Wallahi da yawanmu mun ɗauka wannan shuɗin harafin shi ne intanet ɗin kanta, ba mu taɓa sanin akwai wata ƙofa ba balle mu zaɓa. Ba wanda ya tilasta mana, abin da muka tarar a gabanmu shi muka danna, kuma duk faɗan nan da ka ji a kan wannan ne, waye ke da ikon ajiye abin da mutum zai tarar a gabanshi.

Ranar 18 ga Mayu 1998 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da jihohi 20 suka shigar da ƙara, aka fara zama a watan Oktoba gaban Alƙali Thomas Penfield Jackson. Lauyan gwamnati David Boies ya sa Gates a gaba da tambayoyi aka ɗauka a bidiyo, da aka kunna a kotu sai ga shi yana ta cewa bai tuna ba, yana gardama kan ma'anar ƙananan kalmomi, ana nuna mishi imel ɗin da shi da kanshi ya rubuta yana kewaye-kewaye, har alƙali ya yi dariya. Sai kuma lauyoyin Microsoft suka kawo wani bidiyo don su nuna wai in aka cire burauzar Windows na yin nauyi, lauyan gwamnati ya lura hoton fuskar kwamfutar na canzawa a tsakiya, aka gano ba kwamfuta ɗaya aka ɗauka ba. Wannan ya zubar musu da mutunci sosai a idon kotu.

Nuwamba 1999 alƙali ya ce lallai kamfanin ya yi babakere, Afrilu 2000 ya ce ya karya doka, ranar 7 ga Yuni 2000 ya ba da umarnin a raba shi biyu, ɗaya ya riƙe Windows ɗaya ya riƙe Office da sauran manhajoji. Ba a raba ba. Suka ɗaukaka ƙara, a Yunin 2001 kotun sama ta soke umarnin rabawar, ta kuma yi wa alƙalin faɗa sosai saboda ya riƙa zama da 'yan jarida a ɓoye yana zagin kamfanin alhali shari'a na gabanshi, aka karɓe shari'ar daga hannunshi. Amma ka riƙe wannan dan mutane na mantawa, kotun saman ba ta wanke Microsoft ba, alƙalanta gaba ɗaya sun yarda ya bi haramtacciyar hanya wajen kare babakerenshi. Gwamnati ta canza, ta Bush ta ce ba ta neman rabawa kuma, aka yi sulhu a Nuwamba 2001, Alƙaliya Colleen Kollar-Kotelly ta amince da shi a 2002, aka ce kamfanin ya daina hukunta masu ƙera kwamfuta in sun saka manhajar wasu, ya kuma buɗe wasu bayanan Windows ga masu yin manhaja, aka ci gaba da sa mishi ido har 2011. Netscape kuwa kafin a gama ya riga ya faɗi, AOL ya saye shi tun shari'ar na tsakiya, ihu bayan hari kenan. Dan haka ɗan'uwa Word ɗinka mai kyau ne ban musa ba, ni ma da shi nake rubuta wannan, amma ba a kan kyawun kaya aka yi shari'ar ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina aji uku a sashen lauya a Kongo. Na ji an ce Turai ta ci Microsoft tara har sau nawa amma Amurka da ta fara shari'ar ko sisi ba ta karɓa ba, meye ya kawo bambancin?
Daga ɗaliba, Kongo.

AMSA: Ƙanwata Allah ya ba da sa'a, tambayarki ta masu karatu ce. Ƙarar da gwamnatin Amurka ta kai ba ta neman kuɗi ba ce, ta neman a gyara hali ce ko a raba kamfanin. Kuɗin ta wata ƙofar ya fita, dan a dokarsu wanda babakere ya cuta yana iya kai ƙara da kanshi ya nemi ninki uku na asararshi, toh da kotu ta riga ta ce an yi laifi sai kowa ya ɗauko takardunshi. AOL ya karɓi dala miliyan 750 a 2003 saboda Netscape, Novell miliyan 536 a 2004, Sun Microsystems a shekarar nan dai dala biliyan 1.6, a 2005 IBM miliyan 775, RealNetworks miliyan 761, duk ta hanyar sasantawa.

Turai kuma tsarinta daban, Hukumar Tarayyar Turai ita ke bincike ita ke yanke tara, tana iya kaiwa har kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya, in ba ka yarda ba kai za ka tafi kotu. Kamfanin Sun ne ya fara kai ƙorafi a 1998, ya ce Microsoft na ɓoye bayanan da ake buƙata don manyan kwamfutocin ofis na wasu kamfanoni su yi magana da Windows yadda ya kamata. Maris 2004, lokacin Mario Monti ne kwamishina, aka ci tarar Yuro miliyan 497, aka ce ya fito da bayanan, kuma ya yi wata Windows da babu Media Player a ciki dan masu manhajar kallo da sauraro su samu shiga. Ya yi ta jan ƙafa, 2006 aka ƙara miliyan 280.5, ya kai ƙara kotun Turai ya sha kaye a Satumban 2007, 2008 aka sake lafta mishi miliyan 899 saboda tsadar kuɗin da ya sa wa bayanan, daga baya kotu ta rage zuwa 860.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce ta ƙarshe. Opera, kamfanin Norwe mai Opera Mini ɗin nan da ya cece mu lokacin ƙananan wayoyi da data ke tsada, shi ya kai ƙorafi a ƙarshen 2007 kan burauza. A 2009 Microsoft ya yi alƙawarin duk mai Windows a Turai za a nuna mishi allo da jerin burauzoji ya zaɓa da kanshi. Aka fara a 2010, sai da aka sabunta Windows 7 allon ya ɓace, daga Mayu 2011 har Yuli 2012 mutum kusan miliyan 15 ba su gan shi ba, kamfanin ya ce kuskuren na'ura ne, hukuma ta ce alƙawari alƙawari ne, 2013 ta ci shi miliyan 561. In kika haɗa huɗun kin kusa Yuro biliyan 2.2.

Amma kinga tunda lauya za ki zama, ki lura da wani abu, hukunci daban amfanin hukunci daban. Waccar Windows ɗin da ba Media Player, wadda aka sa wa harafin N, farashinta ɗaya da cikakkiyar, toh wa zai biya kuɗi ɗaya ya ɗauki ragagge? Kusan ba wanda ya saya. Allon zaɓi kuwa ya fi ma'ana a wajena dan shi ya taɓa ainihin ciwon, ya tsayar da mutum ya tambaye shi me kake so. In za ki yi rubutun kammalawa a wannan fanni nan zan so ki tona.

TAMBAYA: Yaro sannu da ƙoƙari. Bill Gates ɗin nan dai shi ne mai zuwa maganar foliyo? A majalisarmu wani ya ce kotu ce ta kama shi da laifi shi ya sa ya gudu ya koma ba da taimako. Gaskiya ne?
Daga tsohon malamin makaranta, Tudun Wada.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Shi ne dai, shi da abokinshi Paul Allen suka kafa kamfanin a 1975. Amma kamfanin aka kai ƙara ba shi a karan kanshi ba, kuma ba shari'ar ɗauri ba ce, ba a kama shi ba bai gudu ko'ina ba. Ya sauka daga kujerar shugaban gudanarwa a Janairun 2000 ya miƙa wa Steve Ballmer amma ya ci gaba da zama a kamfanin shekaru da yawa, gidauniyarshi ma a 2000 ta ɗauki sunan da aka san ta da shi. Lokacin ya zo ɗaya shi ya sa ake haɗawa, abin da ke zuciyar mutum kuwa Baba Allah kaɗai ya sani. A gaya wa 'yan majalisa shari'ar kan kasuwancin manhaja ce, ba ta da haɗi da allurar yara ko kaɗan.

TAMBAYA: Oga gaskiya zan faɗa, mu a nan duk laftof ɗin da aka kawo fomatin Windows ɗin da muke ɗorawa ba na saye ba ne, kirak ne, Office ma haka. Tunda kamfanin ma kotu ta ce ya cuci mutane ai mun yi ɗaya-ɗaya ko?
Daga mai gyaran kwamfuta, PZ.

AMSA: Ƙanena na ji daɗin gaskiyarka amma ba ku yi ɗaya-ɗaya ba, laifi tudu ne ka taka naka ka hango na wani. Wanda aka cuta a waccan shari'ar Netscape ne da ire-irenshi kuma sun karɓi diyyarsu. Manhaja na cikin abin da dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ke karewa, akwai sabuwar dokar 2022, akwai hukumar da ke kula da ita. Na san halin da ake ciki, ɗalibi ya tara kuɗi da ƙyar ya sayi tokumbo, ka ce mishi ya sake biyan lasisi da kuɗin dala ai kamar ka ce ya bar karatun ne, ban raina wannan ba wallahi. Amma kwastoma ya kamata ka ji wa tsoro, dan irin waɗannan kirak ɗin sau da yawa da ƙwayar cuta suke zuwa a ciki, mutum na shiga asusun bankinshi a kai bai san wa ke leƙe ba. Kuma laftof da yawa da ke shigowa akwai lasisinsu na asali a jikin na'urar, in ka ɗora irin Windows ɗin da ta zo da ita ka haɗa intanet da kanta take kunnuwa, ka duba kafin ka ɗauko filash.

Sannan abin da ba ka lura ba, kai a zatonka kana rama wa talaka ne alhali kasuwa kake share wa kamfanin. Gates da bakinshi ya faɗa a 1998 yana magana kan Chaina, cewa tunda dai satar za su yi gara su saci tasu, su saba da ita, wataran a san yadda za a karɓi kuɗi. Duk yaron da ka ɗora wa Word yau, gobe in ya zama darakta a ma'aikata Word zai sa a saya da kuɗin gwamnati. Ko mu nan an taɓa ɗan taƙaddama a 2007, da aka yi cinikin ƙananan kwamfutoci 17,000 na 'yan makaranta da manhajar Linux, wato kishiyar Windows, ta wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva, sai labari ya fito za a goge a ɗora Windows, shugaban Mandriva ya rubuta wa Ballmer buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zargi, Microsoft ya ce bai karya doka ba. Me ya sa za a yi faɗa kan kwamfutar ɗan firamare? Dan kowa ya san abin da yaro ya fara taɓawa da shi zai girma. Ka gwada ajiye Ubuntu ko Linux Mint a madadin Windows, da LibreOffice a madadin Office, a filash ɗinka, halal ne kyauta ne, suna tashin tsohuwar laftof da Windows 11 ta ƙi, wanda taifin da intanet kawai yake yi sun ishe shi, ka nuna wa kwastoma biyun ya zaɓa.

TAMBAYA: Yaya ni gidan gem gare ni, PlayStation huɗu. An ce Microsoft ya saye masu Call of Duty, za a cire mana shi ne?
Daga Sabon Gari.

AMSA: Kwantar da hankalinka ƙanena. Gaskiya ne ya saya, Janairun 2022 ya sanar zai sayi Activision Blizzard kan dala biliyan 68.7, kuma tsoron da kake ji shi hukumomi suka ji, kar Microsoft mai Xbox ya riƙe wasan ya hana Sony mai PlayStation. Hukumar kasuwanci ta Amurka ta kai ƙara ba ta yi nasarar tsayar da cinikin ba, ta Ingila ta hana a Afrilun 2023 sai da ya yarda ya miƙa wa kamfanin wasanni na Ubisoft haƙƙin haska wasannin kai tsaye ta intanet ba sai an sauke su a na'ura ba sannan ta sake, aka rufe ciniki ranar 13 ga Oktoba 2023. Kafin nan ya sa hannu da Sony cewa Call of Duty zai ci gaba da fitowa a PlayStation, rahotanni suka ce na shekara 10 ne. Ka ga bambanci da da, wannan karon tun kafin a yi ɓarnar aka sa shi ya rubuta alƙawari.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni 'yar kasuwa ce, hatsi nake saro wa daga Giwa, kwamfuta ba ta dame ni ba amma maganan nan ta mai ƙarfi ya danne na ƙasa kullum muna ganinta. Mu a ƙasar nan akwai inda ake kai irin wannan ƙarar ko sai dai a bar wa Allah?
Daga Hajiya, Kofar Doka.

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya sa albarka a nema. Tambayarki ce ta fi taɓa ni dan ni ma ta taɓa faɗa min. Wata damina taki ya yi wuya, ina da 'yar gonar masara ta wajen Shika, masara ta kai gwiwa ganye ya fara ja, na je wajen wani dila da shi kaɗai ke da kaya a yankin a satin nan, buhuna jibge har rufi ina kallonsu, ya ce ba zai ba ni buhu biyu ba sai na haɗa da galan ɗin maganin feshi wanda ba na buƙata dan na riga na yi noma. Na tsaya rana na dukana, mai mashin na jira, na lissafa in na tafi nema wani wuri kwana nawa zan rasa, ƙarshe na biya na ɗauka. Galan ɗin nan ya shekara a bayan ƙofa ban buɗe ba. Wallahi ranar da na fara karanta hukuncin Alƙali Jackson wannan dilan ne ya faɗo min a rai, dabara ɗaya ce, abin da ba ka iya rayuwa babu shi sai a ɗaure mishi wanda ba ka nema ba. Kuma mu ba baƙon abu ba ne a wajenmu, malamanmu sun daɗe suna karantar da haramcin ɓoye abinci dan ya yi tsada da haramcin tare fatake a hanya kafin su shigo kasuwa su san farashi.

Doka akwai Hajiya. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC, ta hana 'yan kasuwa haɗa baki su tsayar da farashi, ta hana wanda ya mamaye kasuwa amfani da ƙarfinshi ya danne wasu, manyan kamfanoni in za su haɗe ma sai ta duba. Kuma ba ƙananan mutane kawai take iya taɓawa ba, a Yulin 2024 ta ci Meta, masu Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda suke sarrafa bayanan 'yan Najeriya da tilasta musu sharuɗɗa, kotun da ke sauraren irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar a Afrilun 2025. Ni dai ina so in ga wannan ƙarfin ya sauko har kasuwar taki da siminti da hatsi, inda abin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya.

In kin ce me shari'ar Microsoft ta amfana wa mai saro masara, wayar da ke hannunki ce amsa. Shekarun da aka sa wa kamfanin ido su ne shekarun da Google ya tashi, Firefox ya fito a 2004 daga burbushin Netscape, Chrome a 2008, ba wanda ya iya shaƙe su kamar yadda aka yi wa na farko, Internet Explorer ɗin da aka yi duk wannan rigimar a kanta ma an yi mata ritaya a Yunin 2022. Gates da kanshi ya ce a 2019 shari'ar ta ɗauke mishi hankali, ba dan ita ba da Windows ce a wayoyin mutane ba Android ba. Shi kuma Google da ya samu hanya ya girma sai ya ɗauki irin halin, a Agustan 2024 Alƙali Amit Mehta ya ce ya yi haramtaccen babakere a harkar binciken intanet, an nuna a kotu a 2021 kaɗai ya biya sama da dala biliyan 26 dan a sa shi ya zama abin da mutum zai tarar a wayarshi da burauzarshi, kuma da hukuncin Microsoft na 2001 alƙalin ya kafa hujja.

Abin da zan ba ki shawara, in irin haka ta same ku kar ki tafi ke kaɗai, ku haɗu ta ƙungiyarku ta 'yan kasuwa, ku ajiye rasit, ku rubuta rana da farashi da abin da aka ce muku da sunan shaidu, dan waccan babbar shari'ar ma imel ɗin da aka rubuta aka ajiye ne ya kama su. Hukumar na karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, ki sa ɗaya daga cikin yaran gida ya cike miki ya haɗa da hoton rasit ɗin.

Masu tambaya kan Teams da ƙorafin da Slack ya kai Turai a 2020, da mai tambaya kan rigimar Apple da Microsoft ta 1988, wuri ya ƙare, naku na fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.